Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Makon jiya mun tsaya a sashen masu farfaɗiya. Na so in wuce, sai maganar Goggo ta riƙe ni: ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kan kayan ɗaki take faɗa, ni kuwa kan 'yan mata masu fizgar safiya.

Farfaɗiya ce da ke kama yaro tsakanin shekara 12 zuwa 18. Da ya tashi daga barci sai hannu ya fizga, kofin koko ya kife a cinya, a ce sakarci ne. Sai ranar da ya faɗi warwas ake kawo shi asibiti. Wani likita Bajamushe, Janz, ya bayyana ta a 1957. Maganin Valproate, wato Epilim, ya fi danne ta, amma bai jituwa da juna biyu: cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi, kusan 10 na zuwa da nakasa, 30 zuwa 40 kuma da matsalar magana ko koyo.

Shi ya sa ake sauya wa budurwa magani. To iyaye sai an sa rana, saura mako biyu biki, sannan su zo. Goggo dai ta faɗa.

Sauyin nan aikin watanni ne, a hannun likita. Ba a taɓa tsohon sai sabon ya zauna. In sabon maganin Keppra ne, milgiram 250 safe da dare, bayan mako biyu a kai 500, sannan a riƙa zabge Epilim kaɗan-kaɗan. Keppra yana kawo saurin fushi, a gaya wa ango tun wuri kada a ce sammu ne. Wani maganin da ake komawa gare shi, Lamotrigine, ya fi wuyar sha'ani, don Epilim na hana hanta fitar da shi: milgiram 25, yau a sha gobe a tsallake, har mako biyu. Aka yi gaggawa, ƙuraje su feso, baki ya kumbura, fata ta saɓule. Wasu ma in sun sha Lamotrigine, fizgar ƙaruwa take yi.

Har yau ban huce da masu kemis ɗin da ke miƙa Tegretol, wani maganin farfaɗiya, da zarar sun ji kalmar farfaɗiya ba. Ga wannan nau'in, hura wuta yake yi.

Rashin barci kuma shi ne babban abokin gaba. Kwanakin biki amarya ba ta rintsawa, ga magani rabi tsoho rabi sabo. Haka ma tashin sahur, don haka ba ma fara sauyi dab da azumi.