Shekarun da na yi ina kai ɗalibai tashar jiragen yaƙi ta Chatham

Ƙarshen wannan zangon zan bar makarantar da nake koyarwa a kudancin Landan. 'Yan uwa malamai da ke aiki a makarantun Ingila sun san wahalar fita da yara, daga takardar amincewar iyaye zuwa takardar kiyaye haɗari da ƙirga kawuna a ƙofar bas, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Ziyarar da aka ɗora mini duk shekara ita ce ta tsohuwar tashar ƙera jiragen yaƙi da ke Chatham, a bakin kogin Medway cikin yankin Kent, kuma a kanta na sha mafi ɗacin darasin aikina.

Wurin ya cancanci a kai yara. Kusan shekara 400 ana ƙera wa sojojin ruwan Birtaniya jirage a nan kafin a rufe shi a 1984. A nan aka ƙera Victory, aka saka shi a ruwa a 1765, jirgin da Nelson, shahararren kwamandan sojojin ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar na 1805, ko da yake jirgin yanzu yana Portsmouth. Jirage uku ne baƙi ke shiga a Chatham: Gannet na 1878, da Cavalier na 1944, da Ocelot, jirgin ƙarƙashin teku da aka saka a ruwa a 1962, wanda shi ne jirgin yaƙi na ƙarshe da tashar ta ƙera wa rundunar ƙasar. Duk yaron da ya ga Ocelot daga waje sai ya ce zai shiga. Ba kowanne ne zai iya ba.

Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba. Tsawonsa ya kai mita 90, amma cikinsa lungu ne guda mai ƙunci, bututu da waya ta ko'ina, rufin yana taɓa kan mai tsayi. Tsakanin ɗaki da ɗaki akwai ƙofofi masu zagaye da sai ka durƙusa ka zura ƙafa sannan ka wuce. Ana shiga ta gefe ɗaya a fita ta ɗaya gefen, mutane a gabanka, mutane a bayanka. Kusan mutum 70 ne suka riƙa zama a ciki makonni, kuma yaro yana jin nauyin hakan a ƙirjinsa tun kafin a gaya masa.

A ajina akwai wata yarinya da ba ta jure matsattsen wuri. Mahaifiyarta ta gaya mini, ni ma na ga yadda take yi idan aka cunkushe a matakala. Kafin tafiya na je wa shugabar sashenmu na ce a bar ni da ita da wasu biyu a waje, mu hau Cavalier inda akwai iska da sarari, sauran su shiga. Ta ce a'a. An biya wa kowa kuɗi ɗaya, in ji ta, takardar tambayoyin da ta tsara tana da shafi guda a kan Ocelot, kuma idan na tsaya a waje malaman da ke ciki ba za su kai adadin da doka ta ce ba. Na ce a ƙaro mana mutum ɗaya. Ta ce babu kuɗi, kuma na fiye shagwaɓa yara. Duk wannan a tsaye muka yi shi a bakin ofishinta, ba wanda ya ji, ba abin da aka rubuta.

Yarinyar ta wuce ƙofa ta farko, a ta biyu ta tsaya cak. Numfashinta ya ɗauke, ta fara kuka tana neman komawa baya, ga layin yara sun toshe hanya. Mai yi mana jagora a jirgin, Allah ya saka masa da alheri, shi ya dakatar da kowa ya buɗe mana hanya, na fito da ita tana rawar jiki. Mun daɗe zaune a bakin ruwa kafin ta iya shan ruwa.

Da iyayen suka kawo ƙara, shugabar ta rubuta cewa malamar aji ba ta sanar da sashe yanayin yarinyar ba. Ni ke nan. Aka kira ni gaban shugaban makaranta, tana zaune a gefe tana gyaɗa kai, aka saka mini wasiƙar gargaɗi a fayil. Na faɗi abin da ya faru, aka ce ina shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan aikin idan bai rubuta ya aika ba, kamar bai sani ba ne. Tun daga ranar, duk maganar da ta shafi lafiyar yaro, ko a hanya aka yi ta, ina komawa in aika saƙon imel in maimaita abin da na ce da abin da aka ce mini. Wasu sun ɗauke ni mai tsaurin kai saboda haka. Ban damu ba. Kuma ban sake barin wanda bai san yaran ba ya yanke mini wanda zai shiga jirgin nan.

Abin da nake alfahari da shi kuwa a kan Gannet ne. Yawancin ƙungiyoyi wuce shi suke yi da sauri, su ɗauki hoton dogayen sandunan filafilansa su tafi. Ni a nan nake zaunar da yara. Jirgin ya yi sintiri a Bahar Maliya yana tare jiragen masu fataucin bayi, sannan a 1888 aka tura shi Sawakin a Sudan, inda ya buɗe wuta kan mayaƙan Mahadi ƙarƙashin Usman Digna. Sawakin ɗin nan ta nan alhazanmu da suka tafi da ƙafa daga ƙasar Hausa suke tsallakawa Jidda, wasunsu ma a Sudan suka zauna har jikokinsu. Ina gaya wa yaran duka biyun, cewa jirgi ɗaya ya ceci bayi kuma ya yi wa mulkin mallaka aiki, in bar su su yi gardama. Yaran Sudan da Somaliya da Najeriya da ba sa buɗe baki a darasin tarihi, a kan wannan jirgin suke fara tambaya. Shugabar ta ce ba ya cikin manhaja, in tsaya kan takardar tambayoyi. Na ci gaba da yi, domin ba abin da na faɗa da ba gaskiya ba ne. Daga baya na ga an saka shi a rahoton sashe a matsayin sabon tsarin da sashe ya ɓullo da shi, babu sunana.

Sauran darussan gajeru ne. Ki je wurin ke kaɗai kafin ki kai yara, ki shiga kowane jirgi da ƙafarki. Ki gaya wa iyayen 'yan mata masu doguwar riga su sa musu wando a ciki da takalmi mai riƙe ƙafa, saboda matakalan jirgi a miƙe suke. Kada ki tsallake gidan tufkar igiya, wanda tsawonsa ya haura mita 300 kuma har yau ana aiki a cikinsa. Yaron da ya gaji da bindigogi yana farfaɗowa idan aka ba shi ya murɗa igiya da hannunsa. Iskar bakin Medway tana da sanyi ko da rana ta fito. A lokacin hunturu ki tsara inda masu salla za su yi azahar tun daga makaranta. Jirage biyu a natse sun fi uku a guje.

Da na ba da sanarwar tafiya, na nemi a cire wasiƙar gargaɗin daga fayil ɗina, tunda mahaifiyar yarinyar da kanta ta rubuto ta ce ta san na yi magana kafin tafiyar. Aka ce sai shugabar sashe ta amince. Har yau ba ta ba da amsa ba, kuma da wannan fayil ɗin zan je sabuwar makaranta.