Adakar kakanmu a Agege

Kakan mahaifina yana cikin Hausawan da suka kafa zango a Agege da ke Legas, zamanin da jirgin ƙasa ya buɗe wa fataucin goro hanya, bayan layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Da maganar rabon gado ta taso, dangi suka ɗora mini aikin tantance takardun da ya bari a adaka.

Damshin Legas ba ya raga wa takarda. Wasu sun manne da juna, tsatsar allura ta cinye kusurwar wasu. Kowacce sai na ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, kafin in yi wani aiki da ita. Na kuma hana a liƙa musu leda, don in an liƙa ba ta ɓantaruwa.

Takardun fili iri biyu na tarar. Akwai na saye, da Turanci, ɗauke da dangwalen yatsun masu ƙasa, kuɗin kuma fam da sule. Akwai rasit na ishakole, abin da baƙo ke biyan iyalin Yarbawa masu ƙasa duk shekara. Mun taso muna kiran duka "filin kakanmu", alhali filin da ake biyan ishakole a kansa zama kawai aka ba kakan namu, bai saya ba. Gaya wa dattawa wannan ya yi mini nauyi, amma gara su ji daga bakina da su ji a kotu.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne littafinsa na ajami. A ciki ya rubuta fataken da suka sauka a gidansa, huhun goro nawa kowa ya ɗauka, da kuɗin da aka ba shi amana. Kawu ne ke karantawa, Gwaggo na fayyace mutanen. Ya karanto wani layi da na ɗauka bashi ne, sai ta ce, "A'a, ɗana, wannan sadakin Inna ne aka ba shi ajiya." Tun daga nan ban ƙara buɗe littafin ba sai tana zaune, ina naɗar muryarta.

A bangon baya ya rubuta cewa gidan da ke kusa da masallaci waƙafi ne don saukar baƙi. Malamin da zai raba gadon ya duba rubutun, ya saurari shaidar dattawan unguwa, ya cire gidan daga lissafi.