Ranar da aka tambaye ni ko ni ce uwarta

Wata Talata ce a watan Oktoban 2023. Ina tsaka da canza wa tsohuwar da nake jinya zanen gado sai wayata ta yi ƙara. Wata baiwar Allah ce da muke haɗuwa a masallaci, mutuniyar Kumasi, mai Hausar Zango. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi sanyi, sannan ta yi ɗan jim ta ce, “Maman yara, wallahi ba tsegumi ya sa na kira ba. Yau karo na uku ke nan ina ganin babbar yarinyarki a tashar bas ta cikin gari da hantsi, ita kaɗai da jaka. An yi hutu ne?”

Ba a yi hutu ba. Da idona na ga fitarta bakwai saura kwata.

Na ce mata e na sani, ni na aike ta. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Na ƙarasa aikin hannuna na rawa, har tsohuwar ta tambaye ni ko zazzaɓi nake. Shekararmu huɗu ke nan a Kolombus ta jihar Ohayo, kuma duk maganar da aka yi ta tsorata ni da ita kafin mu baro gida, wai Amurka cinye 'ya'ya take yi, ranar ta dawo mini tiryan-tiryan.

Ban tambaye ta ba. Duk wanda ya san tsakanin uwa da 'yar fari ya san ba a zaunar da ita haka kawai a yi ta tone-tone, balle ita da ba a hannuna ta tashi ba. Tun yaye Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma a Funtuwa har ta shekara goma sha biyu. Sai da ta shiga wanka da daddare na buɗe jakarta kamar ɓarauniya. Na tarar da katin shaida mai hotonta da hijabinta, sunan wata kwaleji a sama, da takarda mai jerin darussa, gaban kowanne an rubuta kiredit 3, kiredit 4.

Abin dariya yanzu. Ni da na yi NCE, na lissafa kiredit na kwasa-kwasaina da hannuna shekara uku, amma tsoro ya toshe mini kai. Tun zuwanmu ƙasar nan duk inda na ji kalmar kiredit bashi ake nufi: katin banki, kuɗin mota, makin da mai gidan haya ke dubawa kafin ya ba ka mukulli. Sai na ce shi ke nan, wasu sun yaudari yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ci bashi da sunanmu. Babanta yana hanya, tirela yake ja, ranar yana can wajen Tenesi. Na kira shi, ya ce in bari ya dawo Asabar. Wace Asabar!

Ran Alhamis na nemi wata ta riƙe mini aiki. Na ɗaura atamfata mai kyau, na yafa mayafi, na ɗora rigar sanyi a kai, na hau bas zuwa kwalejin. A zuciyata na riga na tsara yadda za ta kasance, don shekara tara ina koyarwa a firamare: uba ko uwa in sun zo, kujera ake jawo musu, a buɗe rajista, a kira yaro ya durƙusa. Haka na shiga ofishin da aka nuna mini, na gaida matar da ke bayan kanta, na ce 'yata na nan, na zo ganin sakamakonta da kuma maganar bashin da aka ɗora mata.

Ta ce mene ne sunan ɗalibar?

Na tsaya. Shekara goma sha shida bakina bai taɓa furta sunan nan a gaban mutane ba. Ko a asibiti katinta nake miƙawa. Na lalubi jaka ko akwai wata takarda mai sunanta, babu. Mutane biyu na bayana a layi. Na sunkuyar da kai na faɗa can ƙasa-ƙasa, ba ta ji ba, ta ce in maimaita, sannan in jera mata harufan ɗaya bayan ɗaya. Na jera. Zufa na karyo mini a cikin rigar sanyi.

Ta danna kwamfuta, ta duba, ta ɗago da fara'arta ta ce ta yi haƙuri amma ba za ta iya gaya mini komai ba sai da izinin ɗalibar a rubuce. Na ɗauka Turancina ne ya gaza. Na ce ni ce na haife ta, ko shekara goma sha takwas ba ta kai ba. Ta ce ta gane, amma akwai dokar tarayya ta 1974 da suke kira FERPA: da zarar yaro ya yi rajista a kwaleji, ko shekararsa nawa, ikon takardunsa na kwalejin ya koma hannunsa. Matar ba ta yi mini rashin kunya ba ko kaɗan, har ruwa ta ba ni. Da ta ɗaga murya ma da na samu abin riƙewa.

Ina nan tsaye sai ga yarinyar. Wata ƙawarta 'yar Somaliya ce ta hango ni ta tura mata saƙo. Ta shigo da sauri, ta rage tsawo kamar yadda ta saba, ta ce, “Anti, lafiya? Wani abu ya samu Inna?”

Anti take ce mini. Inna ce Innarta, ni kuwa yadda ta ji 'yan gidanmu na kirana haka ta tashi tana kira, ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan. To kalmar ɗaya ce da ta Turanci, matar nan ta ji ta sarai. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce, cikin ladabi dai, ke gwaggonta ce ko mahaifiyarta?

Na rasa bakin magana. Yarinyar ce ta amsa, da Turancinta mai santsi irin na 'yan nan, cewa mahaifiyarta ce, al'adarmu ce haka. Aka miƙo mata fom, ta cike, ta rubuta sunana a layin waɗanda ta yarda a nuna wa sakamakonta, ta sa hannu. Ina kallo 'yar da na haifa ta ba ni izini. Har yau in na tuna biron nan a hannunta sai in ji wani abu ya tokare mini maƙoshi.

A bas muna komowa ta yi mini bayani, tana kallon taga don kada mu haɗa ido. Shirin sunansa College Credit Plus, na gwamnatin jihar ne, tun 2015 ake yin sa. Yaro daga aji 7 har aji 12 in ya cika sharuɗɗan kwaleji zai iya ɗaukar darussanta yana sakandare, a kwalejin gwamnati ba a biyan kuɗin karatu ko na littafi. Darasi ɗaya ana lissafa masa shi sau biyu, a takardar sakandare da ta kwaleji. Digiri a nan yawanci kiredit 120 ne, abin da ka tara tun kana sakandare ana iya cire maka shi. Ita tana aji 11, kamar SS2 ke nan, da safe ta yi darasi biyu a makarantarsu, ta hau bas ta zo ta yi Turanci da Lissafi a kwaleji, Talata da Alhamis. Bashi babu, sai dai in ta faɗi darasi ko ta janye a makare, hukumar makarantu na iya neman a biya ta kuɗinta, kuma makin zai bi ta duk jami'ar da ta nema.

Na ce ashe dai irin dairek entire ne, yadda mai NCE ko IJMB ke shiga aji biyu a jami'a. Ta ce kusan haka, sai dai ita ba ta gama sakandaren ba. Na ce to me ya hana ki gaya mini? Ta ce, “Anti, ai ke kika sa hannu.”

Da muka isa gida ta ciro kwafin. Ga sa hannuna nan ɓaro-ɓaro, a watan Maris, kafin wa'adin 1 ga Afrilu da ake miƙa takardar niyya. Har da wata da ke gargaɗin iyaye cewa darussan kwaleji na manya ne, ba za a tace su don yaro ba. A gefen takardar akwai ɗigon manja. Na tuna ranar: na dawo daga aikin dare, ina suya, ta miƙo mini takardu huɗu ko biyar tare da na ƙannenta, na sa hannu a tsaye ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba. Ni malama guda. Ni da na sha faɗa wa iyaye a Funtuwa su riƙa duba littafin 'ya'yansu.

Bayan kunyar ta lafa sai alfahari ya zo, kuma shi ma ban san inda zan kai shi ba. Babanta da ya dawo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sayo mata sabuwar kwamfuta. Shi yana iya yabonta a fili. Ni iyakata in ƙara mata nama a miya in ce ƙannenta su rage surutu yayarsu na karatu. Wata rana cikin Janairu, dusar ƙanƙara har idon sawu, na leƙa ta taga na hango ta tsaye a tashar bas tana karanta wani ƙaton littafi da safar hannu, hucin bakinta na tashi. Na saki labule na zauna na yi kukana ni kaɗai. A gida da sai in tsallaka katanga in gaya wa maƙwabciya, ita ta yabe ta a madadina, ta yi guɗa. A nan maƙwabcina wani dattijo ne da karensa, iyakarmu ɗaga hannu.

A waya kuwa ba na iya faɗa wa 'yan gida. Ga dalili.

Ƙanena yana da 'ya, tsiransu da tawa kwana goma sha ɗaya. Tare aka yi musu kitso na farko, tare aka kai su Islamiyya, tabarma ɗaya suke kwana a ɗakin Inna. Kowa a gidan ya san wadda ta fi kai a cikinsu, kuma ba tawa ba ce. Ita ke koya wa tawa hadda da lissafi. Ta gama sakandare da kiredit takwas, ta rubuta JAMB, makinta ya haura 200, tana son aikin jinya, ba ta samu gurbi ba. Ta sake rubutawa, aka tura ta wata cibiya a wani gari, uban ya yi mata kuɗin mota da na kwana, shiru. Yanzu tana gida tana taya uwarta yin awara, masu zuwa gaisuwa sun fara yawa a ƙofar gida. Yayanta kuma ya shiga jami'a a 2019, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci masa daga Maris zuwa Disamba, na 2022 ya ci daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Karatun shekara huɗu sai da ya haura biyar. Wata takwas ɗin nan a shagon cajin waya ya yi su.

To da wane baki zan ce wa matar ƙanena tawa ta ci shekara guda ta jami'a tun ba ta gama sakandare ba, kuma kyauta? In ta tambaya sai in ce karatu alhamdulillahi, in juya maganar zuwa tsadar masara. Ita ma ba ta ja. Ina jin ta sani, yaran ai suna hira ta WhatsApp. Na taɓa ganin tawa ta ɗauki hoton shafukan littafinta na ilimin halittu ɗaya bayan ɗaya tana turawa, har ƙarfe ɗayan dare, wanda a can asuba ta yi. Ban tambaye ta wa take tura wa ba.

Na yi wa babanta maganar ko za mu ɗauki nauyin yarinyar a wata makarantar jinya mai zaman kanta. Ya ce a bari a gama biyan kuɗin tirela. Ba ƙi ya yi ba, na san abin da ke shigowa da abin da ke fita: kuɗin haya, inshora, maganin hawan jinin Inna, abincin gida biyu. Na fara ajiye dala ashirin-ashirin a cikin gwangwanin madara, kamar yadda nake adashi a gida, sai dai nan ni kaɗai ce 'yar adashin, ni ce uwar adashin.

A watan Mayun 2025 aka yi bikin gama sakandarensu. Ta fito da kiredit 32 na kwaleji. Da aka kira sunanta a lasifika, Baturen ya murɗe shi yadda ya ga dama, babanta ya miƙe yana tafi, ƙannenta na ihu, ni ina zaune na ja mayafi na rufe rabin fuska. Matar Kumasi tana layin bayanmu, nata ɗan ma ya gama. Ita ce ta rangaɗa guɗa, har Turawa suka waiwayo. Na yafe mata wayar nan tun ranar.

An ɗauke mu hoto, tana sanye da doguwar rigar da hular nan mai tunku a kan hijabi. Na tura wa Inna ita kaɗai, ta wayar ƙanena, na ce ya nuna mata ya goge. Da yamma Inna ta kira. Ba ta tambayi kiredit ba, ba ta san da shi ba. Ta ce yarinyar ta rame, wuyanta duk ya fito, me nake ba ta? Sannan ta ce tun da an gama makarantar, yaushe za a kawo mata ita, ga 'yar uwarta nan kullum ita kaɗai a ɗaki. Na ce sai an ga hutu, Inna, don a watan Agusta za ta wuce jami'a. Ta ce wace jami'a kuma, ba yanzu aka gama ba?

Ina jin motsin kwanuka a bayanta, da muryar yarinyar tana cewa a gaishe da Anti.