Wayar da na bari tana lilo

Aikin farko da maigidana ya sakar mini ni kaɗai shi ne na wata cibiyar koyon kwamfuta a Gombe, can wajen Tumfure. Na yi shekara biyu ina riƙe masa tsani, ina jan waya cikin silin, kafin ranar da ya ce da ni, "Wannan naka ne, je ka yi." Kwamfuta 40 ce a ɗakuna biyu, ga ofishin Alhaji mai cibiyar, ga na akanta, ga kyamarori huɗu. So ake a haɗa su gaba ɗaya don ɗalibai su riƙa gwajin jarrabawa irin ta JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta.

Aikin hannu bai ba ni wuya ba. Na san kebul ba ya wuce mita 100 tsakanin kwamfuta da suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa. Na haddace jerin launukan nan takwas da ake shiryawa kafin a matse kan waya: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na kuma san a kasuwa akwai kebul ɗin da alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, sai ka kankare shi da reza ka ga fari ya bayyana. Na sayi suwic biyu masu rami 24, irin masu araha da ba a yi musu saiti, na kafa ɗaya a kowane ɗaki, na haɗa su da waya guda. Sai na ce bari in ja wata wayar ta biyu tsakanin ɗakunan saboda ɓera, in ya cinye ta farko a samu madadi. Na cusa kanta ɗaya a suwic ɗin ɗakin farko, ɗaya kan kuma na bar shi yana lilo a bayan tebur, ban liƙa masa ko 'yar takarda ba.

Bayan mako uku, ranar Asabar da hantsi, Alhaji ya kira ni. "Injiniya, ka zo yanzu. Yara sun zauna jarrabawa, komai ya tsaya." Na tarar da ɗalibai sun zuba tagumi, babu kwamfutar da ke ganin saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da jarrabawar, babu mai ganin 'yar'uwarta. Na kashe rauta, na'urar da ke haɗa ginin da intanet, na kunna. Na zargi cutar kwamfuta, na zargi janareta. Na fi awa ɗaya ina gumi kafin na kira maigidana, wanda ke Bauchi a ranar. Tambaya ɗaya ya yi mini: fitilun suwic ɗin, kowace tana ƙyaftawa da lokacinta, ko duk tare? Na ce, "Duk tare, maigida, kamar za su kama da wuta." Ya ce in riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ina zare wata da ban san da zamanta a ramin ba, fitilu suka lafa, shafukan jarrabawa suka fara buɗewa. Wayata ce ta ajiya. Yaron da ke share ɗakin ya gan ta a ƙasa, ya zaci faɗuwa ta yi, ya mayar da ita rami. Taimako ya yi niyya, kuma na faɗa wa Alhaji a gabansa cewa laifin nawa ne.

Abin da ya hana ni barci daren nan shi ne na gyara matsalar ba tare da na fahimce ta ba. Ta yaya ƙarin waya ɗaya zai durƙusar da kwamfuta 40? A hankalce hanya biyu ta fi ɗaya. Sai na koma karatu daga tushe, kuma tashar mota ce ta buɗe mini kai.

In kana da buhu goma da za ka kai Kano daga Gombe, kana iya ɗaukar shatar mota. Motar taka ce tun daga tashi har sauka, ko ta cika ko ba ta cika ba, babu mai shiga. Haka tarhon gida na zamanin NITEL yake aiki, haka ma kiran GSM da ya shigo mana a 2001: ana keɓe muku layi kai da wanda ka kira, ko kun yi shiru layin naku ne har ku ajiye. Akwai tabbas a ciki, amma akwai asara. Ɗaya hanyar kuwa ita ce ka rubuta suna da lamba a jikin kowane buhu, a rarraba su cikin motocin da ke lodi, wata ta bi ta Dukku, wata ta bi ta Bauchi. A can a jera su bisa lamba, in na bakwai bai iso ba a ce a sake turo shi. Wannan ita ce hanyar fakiti. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila ne suka yi tunaninta a shekarun 1960, kowa da kansa, kuma a kanta aka gina ARPANET a 1969, wadda ta zama kakar intanet. Duk hoton da ka tura a WhatsApp haka ake yayyanka shi, galibi gutsuren da bai wuce bayit 1500 ba, bayit kuwa ma'aunin data ne mai kamar harafi ɗaya.

To a cikin gini ɗaya, suwic ne kamasho. Kowace na'ura tana da lambarta ta haihuwa mai bit 48, wadda ake kira MAC. Suwic ba ya zuwa da sanin kowa. Duk saƙon da ya shigo, sai ya duba lambar wanda ya aiko, ya rubuta a littafinsa cewa wane yana rami kaza. Daga nan in saƙo ya zo wa wane, ramin nan kaɗai zai tura shi. Da wannan ya fi tsohuwar na'urar nan ta hab, wadda ke watsa kowane saƙo ga kowa. Amma akwai saƙon da dole a yi yekuwarsa, kamar lokacin da kwamfuta ke cigiyar mai adireshin IP, wato adireshin da ake ba na'ura a kan hanyar sadarwa, irin 192.168.1.1, don ta san lambarsa ta MAC. Irin wannan saƙon, suwic yana kwafa ya fitar ta kowane rami, ban da wanda ya shigo ta cikinsa.

Nan gizo ke saƙar. Yekuwa ta fita daga suwic na farko ta waya ta ɗaya, ta shiga na biyu. Shi kuma ya fitar da ita ta dukkan ramukansa, har da wayata ta ajiya, ta dawo wa na farko. Na farkon bai san ya taɓa ganinta ba, sai ya sake fitarwa. Fakitin IP yana da ƙidaya a jikinsa wadda kowace rauta ke ragewa har ta ƙare a yar da shi, amma saƙon da ke yawo a matakin suwic ba shi da wannan ƙidayar. Ba ya mutuwa. Kowace sabuwar yekuwa tana shiga zoben ta tarar da na baya, cikin daƙiƙoƙi hanya ta cushe, littafin suwic ya rikice don yana ganin kwamfuta ɗaya a rami biyu. Maganin wannan ya girme ni. Wata injiniya mai suna Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin STP a 1985, inda suwic-suwic ke magana da juna, su gano zobe, su rufe hanya ɗaya su ajiye ta sai ranar da ta farko ta yanke. Wato ainihin abin da na so in yi da wayar ɓera, sai dai na'urorin da na saya ba su san wannan yaren ba.

Da na gane cewa suwic yana gaskata duk abin da aka cusa masa, sai gabana ya faɗi, don na tuna yadda na haɗa sauran ginin. Ranar Litinin na koma, na zauna a kujerar ɗalibi, na buɗe burauza na rubuta adireshin na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori. Ta nemi suna da kalmar sirri. Na sa waɗanda ta zo da su daga kamfani, ta buɗe. Ga ofishin Alhaji, ga teburin akanta yana ƙirga kuɗi. Na leƙa manyan fayilolin da aka raba, sai ga na tambayoyin jarrabawa da na sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu. Na shiga rauta na duba masu amfani da waifai, na ga wayoyin hannu sun ninka ma'aikatan cibiyar sau da yawa. Ashe shi ya sa data ke ƙarewa kafin wata ya raba. Kalmar sirrin ta bi unguwa, kuma ban ga laifin samarin da ke zama a dakali da dare ba, domin wayoyin yanzu suna nuna ta a hoton da aboki zai ɗauka cikin ƙiftawar ido.

Kalmar sirrin kamfani ba ƙaramin abu ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada irin waɗannan kalmomin a kan kyamarori da rautoci, ta tara dubban ɗaruruwa, aka yi amfani da su aka toshe manyan shafuka a Amurka. A watan Mayun 2017 kuma wata mai suna WannaCry ta bi ta ƙofar raba fayil ta Windows, mai lamba 445, tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft, mai Windows, ta fitar da facin toshe wannan kafar tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba ne ta kama. A ginin da na haɗa, filas ɗaya mai cuta a ɗakin ɗalibai ta isa ta kai ga kwamfutar akanta, don babu abin da ya raba su.

Shawo kan Alhaji ya sake fitar da kuɗi shi ne aiki. Ya ce, "Ai komai na tafiya yanzu." Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan da na gina maka ba shi da zaure. Wanda duk ya yi sallama, turaka zai faɗa." Ya yi shiru, sannan ya tambayi farashi. Muka sayo suwic masu karɓar saiti, na raba ginin gida huɗu da tsarin VLAN, wanda ke yin katanga a cikin suwic: ɗalibai, ofis, kyamarori, baƙi. Wayoyin suna nan yadda suke, amma kowane saƙo yana ɗauke da alamar gidansu, kuma ba ya tsallakawa wani gidan sai ta rauta, inda na rubuta wanda zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Ɗalibi yana ganin sabar jarrabawa, ba ya ganin firintar ofis. Baƙo yana samun intanet da ƙayyadadden gudu, shi ke nan. Na kunna STP, na kashe duk ramin da ba a amfani da shi, na sauya kalmar sirrin kowace na'ura, na kashe maɓallin WPS da ke shigar da waya waifai ba tare da kalmar sirri ba, na bar waifai a kan tsarin kulle na WPA2 da doguwar kalma. Na so in dogara da tantance wayoyin hannu ta lambar MAC, sai na fasa, don wayoyin zamani suna sauya lambar da kansu, kuma mai wayo yana iya aron ta wani.

Sabon suwic ɗin ya koya mini wani abu da da a takarda kawai na san shi. Suwic yana da salon miƙa saƙo. Akwai mai tara-ka-tura, wanda ke karɓar saƙon duka, ya lissafa lambar tantancewa da ke wutsiyarsa, in ya lalace ya yar. Akwai mai duba-ka-wuce, wanda da ya karanta adireshin mai karɓa, bayit 6 na farko, zai fara turawa tun sauran ba su gama shigowa ba. Ya fi sauri, amma har lalatacce yana wucewa, shi ya sa ya fi dacewa da manyan ɗakunan saba inda kowane ɗan jinkiri kuɗi ne. Akwai na tsakiya mai jiran bayit 64. A irin gine-ginenmu, inda kebul ke shan zafin kwano da haƙorin ɓera, na farkon nake so. Namu irinsa ne, kuma yana ƙirga abin da ya yar a kowane rami.

Akwai kwamfuta ɗaya a ƙarshen ɗaki na biyu da ɗalibai ke gudu, suna cewa tana da nauyi. An sauya mata linzami, an wanke ta an sake zuba mata Windows, ba ta canza ba. Da na duba ƙidayar, sai na ga ramin da take kai yana tara lalatattun saƙonni, sauran kuwa sifili. Na hau silin da tocila na bi wayar. A wani lungu na matse ta da ƙusa har ta lanƙwashe, sannan ta yi tafiya mai tsawo manne da wayar wutar da ke zuwa daga janareta. Na ja sabuwa ta wata hanya, na liƙa mata lamba a kai biyun, na rubuta lambar a littafin da yanzu yake rataye a jikin akwatin suwic. Na goge ƙidayar, na dawo bayan mako guda na tarar da ita a sifili, wata yarinya kuma tana zaune a kan kwamfutar tana amsa tambayoyin lissafi.