Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Riɗin Kawu da Masu Taye Biyu

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya ɗauko ni daga Gumel ya kawo ni Kano, bisa sharaɗin da safe in zauna masa a sito a kasuwar Dawanau, da yamma in wuce Kwalejin Aminu Kano inda nake difloma a fannin shari'a. Yau zan ba ku dalilin da ya sa har gobe 'yan layinmu ke kirana Lauya, alhali ko baƙar rigar ban taɓa sawa ba.

Shekarar 2016 ce, cikin azumi. Kawu yana da ragowar riɗin da ya sayo tun kaka a Maigatari, ya jibge yana jiran ya yi daraja. Shi riɗi ba don tukunyar gida ake tara shi haka ba. Yawancinsa Legas yake gangarawa, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Japan da Turkiyya da Sin, don haka duk inda dala ta nufa can yake bi.

Mutum biyu suka taya a mako guda. Na farko wakilin wani kamfani ne mai fitar da kaya waje. Ya sa aka soka buhu, ya murza riɗin a tafin hannu, ya hura ya ga ko da ƙasa, sannan ya ce buhu 200 yake so. Kawu ya yanka masa kuɗi. Mutumin ya ce sai dai a rage naira 500 a kan kowane buhu. Kawu ya ce, "Albarka." Mutumin ya kaɗe hannu ya tafi.

Na biyu wani Alhaji ne da ke layin bayanmu, dillali ya kawo shi, buhu 100 yake nema. Suka ja, suka ja, har Kawu ya ce, "Na sallama, Allah ya sa alheri." Alhaji ya turo kafin alƙalami ta waya, ni na duba na ga kuɗin sun shiga, aka ajiye magana a kan sai sabon mako ya zo ya kwashe kayansa ya cika sauran. Ko tsinken takarda ba a rubuta ba.

Ranar Litinin 20 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 197 zuwa kusan 280 a farashin gwamnati cikin yini ɗaya. Kafin azahar duk mai riɗi a Dawanau ya canja baki.

Sai ga wakilin kamfani har da guminsa. Ya ce ya yi shawara da ogansa, ya amince da kuɗin da Kawu ya faɗa tun farko, a fara auna kaya. Kawu ya ce wane kuɗi? Murya ta ɗaga, mutane suka taru, har mutumin yana cewa yana da lauya.

Ni kuwa a zangon nan ne muka yi darasin yarjejeniya, yana nan ɗanye a kaina. Dokar da kotunan boko ke bi a wannan fanni gado ce daga Ingila, domin Najeriya ta karɓi hukunce-hukuncen alƙalansu da kuma manyan dokokinsu da ke aiki ranar 1 ga Janairun 1900. A cikinta ciniki ba ya ƙulluwa sai wani ya yi tayi, ɗayan ya karɓa yadda yake ba ragi ba ƙari, kowane ɓangare kuma akwai abin da zai bayar a madadin abin da zai samu, sannan dukansu da gaske suke, masu hankali ne da suka isa ƙulla magana. Na ba su labarin wata shari'a ta 1840. Wani mai suna Wrench ya ce zai sayar wa Hyde gonarsa fam 1,000. Hyde ya ce fam 950. Wrench ya ƙi. Daga baya Hyde ya dawo ya ce to ya yarda da 1,000 ɗin, mai gona ya ce ya fasa. Kotu ta ce babu ciniki, domin ranar da Hyde ya kawo nasa farashin, ranar ya kashe tayin farko da bakinsa, ba shi da ikon tayar da shi shi kaɗai.

Na ce wa wakilin, "Yallaɓai, naira 500 ɗin nan da ka nema ita ta raba ka da wancan farashin. In kana so, taya sabo." Ya fita ya buga waya, ya dawo jiki a sanyaye, ya taya a farashin ranar.

Kawu kamar ya goya ni. Da buɗa baki har da ƙaro min ƙosai. Muna cikin shan kunu sai ya ce, "Yauwa Lauya, gobe ka mayar wa Alhajin can kuɗinsa. Ai shi ma babu takarda."

Kunun ya tsaya min a wuya. Na ce, "Kawu, a gafarce ni, wannan daban ne. Shi ka sallama masa."

Mutane da yawa na ɗauka takarda ita ce ciniki, amma galibi shaida ce kawai. Akwai inda doka ta nace sai da rubutu, kamar cinikin fili da gida. Ita ma tsohuwar dokar sayar da kaya ta 1893 da muka gada ta ce kayan da suka kai fam 10 sai da rubutu, ko mai saye ya karɓi wani ɓangare, ko ya ba da wani abu na kafin alƙalami. To Alhaji ya bayar, saƙon banki yana wayar Kawu, ga dillali da ke jiran la'adarsa, ba zai taɓa cewa bai ji ba.

Kawu ya ce ai wannan dokar Nasara ce. Bayan asham ya ja ni wurin limamin unguwarmu, yana sa ran a kwance masa. Malam ya saurara har ƙarshe, ya tambaye shi abu ɗaya: "Da ka sallama, ka yi sharaɗin kana da zaɓin fasawa zuwa wani lokaci?" Kawu ya ce a'a. Malam ya ce to a mazhabar Malikiyya da zarar an yi ijabi da ƙabuli, wato tayi da karɓa, ciniki ya tabbata, ko da ba a tashi daga wurin zaman ba, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya da ke ba da damar fasawa kafin a rabu. Ya karanto masa farkon Suratul Ma'ida inda aka umarci muminai su cika alkawura. Ya ƙara da cewa hanya ɗaya ta rage, ya roƙi Alhaji ya yafe masa cinikin, in ya yarda shi ke nan.

Gaskiya, a ganina ba ayar ce ta karya Kawu ba, ba kuma Turawan 1840 ba. Lissafi ne. A hanyar gida na ce masa in ya hana kayan aka je kotu, abin da za a sa shi ya biya shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin da suka yi da farashin kasuwa a ranar da ya kamata ya miƙa kaya. Wato ribar da yake hange ita ce daidai za a ƙwace a ba Alhaji, ga kuɗin lauya a kai, ga sunan da zai ɓaci a kasuwar da rabin harkarta bashi ne da amana. Ya yi shiru har muka kai ƙofar gida.

Ya je ya roƙa. Alhaji ya yi dariya ya ce da farashin faɗuwa ya yi, shi wa zai roƙa? Amma ya ɗauke wa Kawu kuɗin dako da na lodi. Ranar Laraba 'yan dako suka kwashe buhu 100 Kawu yana zaune a kan benci bai ce uffan ba, ni ma bai kula ni ba har aka yi sallah. Bayan sallah ya aike ni Sabon Gari na bugo littafin rasit mai sunan shagonsa, ya ce daga yau ni zan riƙa rubutawa, har da ranar ɗaukar kaya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda littafin rasit ɗin nan ya kai ni gaban alƙali a karon farko, a matsayin mai shaida.