Libarbar da na sa wa hannu

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan ɗakin ajiya, bayan shekara shida. Ba babban gidan tarihin gwamnati na kusa da gidan zu a Jos nake nufi ba, wanda aka buɗe tun 1952. Namu ƙarami ne, na wasu masu hali da suka haɗa kai. Abokan aiki sun ce in rubuta wa na baya wani abu, da na zauna kuwa sai na ga duk maganar tana komawa kan bindiga guda ɗaya.

Libarba ce ƙirar Webley, ta Birmingham. Wani dillali ya kawo ta daga Bukuru, naɗe cikin tsumma mai warin man keke, tare da labarinta: wai ta wani hafsan Bature ce da ya halarci yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, daga baya ya bar wa kukunsa, ta sauko har kan jikoki. Duk wanda ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi. Ni ma haka. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ba ɗigon tsatsa a jikinta. Ɗaya daga cikin masu gidan ya biya kuɗin da ya haura albashina na shekara biyu. Da yake dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, watanni muka kwashe kan takardu da toshe mata baki, hankalin kowa yana can, ba wanda ya zauna ya tambayi ƙarfen kansa.

Ni mutumin takubba ne da sirdi da tufafi, ban san bindiga ba. Amma ina da ido. Kwana huɗu kafin buɗe baje kolin, na ɗora ta kan farin ƙyalle na duba da madubin ƙara girma. A jikin gangar da ke juyawa, mai ramukan harsashi shida, akwai lamba, sai dai ƙafafun lambobin a yanke suke, kamar an datse su da wuƙa. A gefen hagu kuma, inda ya kamata rubutu ya fito raɗau, wurin ya yi sumul, ya ɗan lotsa, in ka shafa da yatsa za ka ji. Ruwa ba ya tsami banza. Na tafi ofishin shugabanmu na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu in nuna wa wanda ya sani." Bai ko ɗago kai ba. "Malam, an buga katin gayyata. Alhaji ya biya. Kai dai rubuta abin da aka faɗa maka, ka sa hannu." Na rubuta, na sa hannu. Ba wanda ya riƙe min alƙalami, wannan kam ban taɓa ɓoye shi ba.

Ranar buɗewa, cikin sanyin Disamba, wani dattijo ya tsaya gaban gilashin ya daɗe. Tsohon soja ne, ya yi rayuwarsa a ɗakin makamai. Ya yafito ni, Alhaji na tsaye a gefe da baƙinsa, ya ce, "Ɗana, wa ya rubuta wannan?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Wannan ba ta ga Burmi ba. Lokacin ba a ma haife ta ba." Ya nuna min da sandarsa: wadda aka fito da ita a 1899, samfuri na huɗu, bututunta inci huɗu ne, mariƙinta a lanƙwashe kamar bakin aku. Tamu bututu inci shida, gindin mariƙi a miƙe. Samfuri na shida ke nan, wanda sojan Ingila suka karɓa a 1915, shekara 12 bayan Burmi. Sannan ya sa aka buɗe gilashin, ya karya ta ta sama kamar yadda ake buɗe irinta, ya leƙa bayan gangar ya girgiza kai. "An aske ta," in ji shi.

Sai bayan wannan ranar, cikin dare da yawa da na kasa barci, na karanta na gane abin da yake nufi. An ƙera ta ne don harsashin Ingila mai lamba .455. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kwashe irinta masu yawa aka sayar a Amurka, inda wannan harsashin ke da wuyar samu, sai 'yan kasuwa suka riƙa zaftare kimanin milimita ɗaya da rabi daga bayan gangar don ta ci harsashin Amurka mai lamba .45. Askin nan ne ya tafi da ƙafafun lambobin da na gani da idona, ya share hatiman masu duba makamai da ke wurin. Harsashin Amurkan kuma ya fi ƙarfin da aka gina ta a kai, har yakan fasa ganga. Wurin da ya lotsa, nan ne sunan samfuri da shekarar ƙira suke, aka goge su, aka sake mata rini. Sheƙin da ya ruɗe mu shi ne babban aibinta, domin masu tara irin waɗannan kaya sun fi son wadda launinta ya koɗe amma hatimanta na nan, kibiyar gwamnatin Ingila da komai, lambobin jikinta sun yi daidai da juna. Tamu ba ta zauna a gidan wani kuku tun zamanin Lugga ba. Ko a matsayin bindigar yaƙin duniya na farko ma, an ci rabin mutuncinta.

A taron masu gida, shugabanmu ya zaro takarda ɗaya tak daga aljihun babbar rigarsa, mai ɗauke da sa hannuna. Ya ce shi ya dogara ne da ƙwararre. Na buɗe baki in tuna masa maganar mako biyu, sai na ga ba ni da shaida ko ta layi ɗaya. Aka hana ni ƙarin girma shekara uku. Shi aka ƙara masa. Dillalin kuwa ya ci la'adarsa, lambarsa ta daina shiga. Har yau in muka haɗu da shugaban a masallacin Juma'a nakan gaishe shi da ladabi, amma ban yarda na yafe har zuci ba, kuma ba zan ce na yafe don a yabe ni ba.

To ku na baya, in kuna da shakka ku rubuta ta, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi a gida. Ku fara duba kaya kafin ku saurari labarinsu, don in labari ya riga shiga kunne ido ba ya gani sosai. Kada ku goge tsatsar komai sai kun ɗauki hoto. Ku girmama masu shara da masu gadi, su suka fi kowa sanin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Tun daga ranar, kaya bakwai na mayar wa dillalai, har da takobin da aka rantse min na wani sarki ne, alhali walda na nan ƙarƙashin fatar ƙotarsa. Ba a sake cire takardar da na rubuta daga gaban gilashi ba. Libarbar tana nan a kabad na uku, da sabon bayanin da na yi mata: samfuri na shida, an aske ganga, an goge shekara, an sake rini. Na sa hannu a ƙasa, Baba ma ya sa nasa.