Ruwan akwatin kifi ya gurɓace ko ya yi kore: fara duba launinsa kafin ka taɓa komai

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe kifi a akwatin gilashi mai shuke-shuke shi ne garajen mai shi idan ya ga ruwa ya gurɓace. Sai ya kwashe ruwan gaba ɗaya, ya wanke tsakuwa, ya wanke matatar ruwa a famfo, bayan kwana uku kuma matsalar ta dawo fiye da da. Gurɓacewar ruwa iri-iri ce, kowace da sanadinta, kuma launin ruwan shi ne zai faɗa maka wacce ce. Ɗebi ruwan a farin kofi ka duba shi a cikin haske.

Idan ruwan ya yi toka-toka tun ranar da aka zuba shi, ƙurar yashi ce ko ta tsakuwar da ba a wanke sosai ba. Wannan ba ta da wahala: sa audugar tacewa a cikin matata, a kwana ɗaya ko biyu za ta kwanta.

Idan kuwa ya yi fari kamar an ɗiga madara bayan 'yan kwanaki da kafa akwatin, bakteriya ce ta yi yawa. Waɗannan ƙwayoyi suna cin ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye, suna ninkuwa cikin mintuna, shi ya sa canjin ruwa ba ya rage su. A nan ne nake so a yi haƙuri, domin bakteriya masu amfani, waɗanda ke mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci) ta zama nitrait, wadda ita ma guba ce, sannan nitrait ta zama nitret mai ƙarancin illa, suna jinkirin hayayyafa ƙwarai. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su zauna sosai a cikin soson matata. Kafin nan, farin ruwan kan washe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin yi shi ne a rage abinci zuwa abin da kifi zai cinye cikin minti 2, sau ɗaya a rana, a tsince matattun ganye, a kuma kunna famfon iska, saboda bakteriyar na shanye oksijin. Duk lokacin da ka ga kifi ya taso sama yana haki, iska ce ta yi masa ƙaranci.

Ka mallaki kayan gwajin ruwa. Amoniya da nitrait dole su kasance sifili. Idan ɗayansu ya kai 0.5 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa cikin miliyan), canza rabin ruwan a ranar. Nitret tsakanin 10 da 20 daidai ne, domin shuke-shuke na buƙatarsa. Soson matata kuma a matse shi a cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe bakteriyar da ka yi makonni kana reno.

Koren ruwa shi ne mai taurin kai. Gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya da ke yawo a cikin ruwan, ta yi ƙanƙantar da soso ba ya riƙe ta. Abu biyu ke tayar da ita: haske mai yawa, musamman hasken rana ta taga, da tashin amoniya, kamar bayan an tone ƙasan akwatin ko kifi ya mutu ba a gani ba. Ko ka canza kashi 90 na ruwan, ragowar za ta cika shi cikin kwanaki. Hanyoyin magance ta biyu ne. Ta farko ita ce a hana ta haske: canza rabin ruwa, kashe fitila, lulluɓe akwatin da bargo ko baƙar leda ta yadda ko ɗigon haske ba zai shiga ba, na kwana 3 zuwa 4. Kada a leƙa, kada a ba da abinci ko taki, a bar famfon iska yana aiki. Lafiyayyen kifi zai jure yunwar waɗannan kwanaki, shuke-shuke ma haka. Ranar buɗewa a sake canza rabin ruwa, domin matacciyar gansakukar za ta ruɓe. Ɗaya hanyar, wadda na fi amincewa da ita, fitilar UV ce, mai wani irin haske da ke kashe ƙwayoyin gansakukar, da ruwa ke ratsawa ta cikin bututunta, takan share shi cikin 'yan kwanaki. Sai dai a lokacin zafin Maris da Afrilu a kula da lulluɓewa, ruwan da ya haura digiri 30 ba ya riƙe oksijin sosai, don haka a bar wa iska hanya.

Ga masu fama da ɗaukewar wuta, akwai wani abin lura. Matatar da ta tsaya sa'o'i da yawa, musamman rufaffiya, bakteriyar cikinta kan fara mutuwa don rashin iska, kuma da wuta ta dawo sai ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwatin. Ƙaramin famfon iska mai batir haɗe da matatar soso ya fi babbar matata mai tsada amfani a irin wannan yanayi.

Gansakukar da ke manne wa gilashi da ganye ita ma kala-kala ce. Mai launin ruwan ƙasa da ke gogewa da yatsa ta sabon akwati ce, takan tafi da kanta, dodon koɗi na nerite da kifin otosinklus kuma suna cinye ta. Mai shuɗi-kore da ke shimfiɗuwa tana wari, ita asalinta bakteriya ce, tana son wurin da ruwa ba ya motsi da inda nitret ya ƙare; a zuƙe ta da tiyo, a ƙara motsin ruwa. Baƙa mai gashi-gashi a gefen ganye ita ce ke wahalarwa, tana bin shuke-shuke masu jinkirin girma irin su anubiyas, wadda asalinta rafukan dazukan Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu ne, ta saba da inuwa. Mayar da shukar ƙarƙashin inuwa, ka yanke ganyen da ya lalace. Idan a kan itace ko dutse gansakukar take, kashe matata, ka ɗebi ruwan haidurojin feroksaid (maganin wanke ciwo) mai ƙarfin kashi 3 a sirinji, mililita 1 ga kowace lita 4 ta ruwan akwatin, ka fesa kai tsaye a kanta, nesa da kifi, bayan minti 15 ka kunna matata. Idan ta koma ja ko fari, ta mutu. Don sanin litocin, ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita ka raba da 1000: akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, wato kimanin mililita 13.

Duk waɗannan magunguna ba za su hana ta dawowa ba muddin fitila na ci sa'a 12. Sa'a 6 ta isa a sabon akwati, a ƙara zuwa 8 idan shuke-shuken sun kama, kuma a sa na'urar saita lokaci. A dasa da yawa tun farko, a haɗa da masu saurin girma da za su riga gansakuka cinye abinci. Kainuwa tana wannan aiki sosai, tana zuƙe nitret tana kuma rage haske, amma a wanke ta a ware ta a bokiti na mako biyu idan daga kududdufi aka ɗebo ta, kuma kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Sannan a canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan kowane mako da ruwan da aka cire wa kulorin. Mai amfani da ruwan rijiya ko burtsatse ya gwada shi tukuna, domin wani yakan zo da nitret mai yawa tun daga ƙasa.